Rumbun da Makullinsa ke Hannun Wani: Lacca kan Ajiyar Takardu da Hotuna a Intanet

Gaisuwa da ban girma ga iyayen ƙasa, da malamai, da iyaye mata, da matasan Unguwar Lalle da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Allah ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu lafiya.

A ranar 3 ga Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, bisa umarnin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu za a yi, sai aka shafe watanni. Kafin Satumbar ta ƙare, gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sanar da cewa an ɗauki irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, har da Sabon Birni da Isa da Goronyo da Raba. Mutumin Unguwar Lalle ba ya buƙatar a ba shi labarin waɗannan kwanaki. Waya ta koma tocila da rediyo. Mai son jin muryar ɗansa da ke ci-rani a Legas sai ya nemi layin Nijar, ya hau tudu yana ɗaga waya sama, ko ya yi tattaki zuwa inda sabis ya kai.

A kwanakin nan, ɗalibin da ya ajiye hoton takardar jarrabawarsa a intanet kaɗai ya ga ta yi masa nisa, tana nan amma hannunsa ba ya kaiwa. A kwanakin nan kuma, wanda aka ƙwace wa waya a hanya ko aka ƙone wa ɗaki, in akwai abin da ya tsira masa, to wanda ya riga ya tura intanet ne. Ajiya ɗaya ce ta cuci wancan ta ceci wannan, shi ya sa ta cancanci a zauna a yi mata kallon tsanaki: ina take, wa ke iya buɗe ta, nawa ake biya, kuma yaushe take ɓacewa.

Ƙasar Gobir ta daɗe da sanin ƙaura. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun yi ta sauya mazauni har suka kafa Tsibiri, daga baya wasu suka dawo suka kafa Sabon Birni. Ƙaurar wannan zamani ta fi ciwo. Tun daga 2019 dubban mutane daga wannan yanki sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu suna Gidan Rumji, wasu an tsugunar da su a Garin Kaka da Cadakori. Wanda ya fita da tsakar dare 'ya'yansa yake ɗauka, adaka tana nan a ƙarƙashin gado. A cikinta akwai takardar NIN, da katin zaɓe, da sakamakon WAEC ko NECO na yaron da aka sha wahala kafin ya gama sakandare, da takardar cinikin gona mai sa hannun shaidu, da littafin bashin ɗan tireda, da hoton mahaifin da ya rasu wanda babu wani irinsa a duniya. Wasu ana iya sake neman su, bayan rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu da kuɗin mota zuwa Sakkwato sau biyu ko sau uku. Wasu sun tafi ke nan. Hoton takarda ba ya maye gurbin ta asali a gaban hukuma, amma yana ɗauke da lamba da kwanan wata da suna, kuma da waɗannan ake fara neman wata.

Turawa suna kiran ajiyar intanet gajimare, sunan da ke sa mutum ya ɗauka abin a sama yake shawagi. A ƙasa yake. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, ana hura musu sanyi dare da rana, suna shan wutar lantarkin da za ta ishi gari guda. Google yana da irinsu a Amurka da Ailan da Beljiyam da Finlan da Singafo. Hoton da aka ɗauka a Unguwar Lalle yana tashi daga waya zuwa ƙarfen sabis, ya bi waya ta ƙarƙashin ƙasa har Legas, sannan ya shiga wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 guda huɗu daga cikin waɗannan wayoyi na teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, bankuna suka yi ta ba abokan hulɗa haƙuri. Rumbu ne dai, sai dai a gonar wani aka gina shi, kuma hanyar zuwa gare shi tana iya yankewa.

Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fara yayata wannan sana'a ga talakawa shi ne Dropbox, wanda Drew Houston da Arash Ferdowsi suka kafa a 2007. Houston ya sha ba da labarin cewa filashinsa ya manta a gida ranar da ya hau motar Boston zuwa New York, takaicin haka ya sa ya fara rubuta manhajar. Google Drive ya biyo baya a 2012. A yau kusan duk mai wayar Android yana da rumbu a wurin Google ko bai sani ba, domin da adireshin Gmail ake buɗe wayar tun ranar farko.

Akwai wani bambanci da ke jawo asara, kuma masu sayar da waya ba su cika bayyana shi ba. Wani tsarin ajiya ne zalla: an tura kwafi, ya zauna can. Wani kuma madubi ne: duk abin da ya faru a waya sai ya faru a rumbu. In yaro ya ɗauki wayar babansa ya goge hotuna, madubin zai goge nasa. Google Drive yana riƙe abin da aka goge a kwandon shara kwana 30, daga nan ya share shi. Wanda bai san wannan ba yakan buɗe rumbu bayan wata biyu ya tarar da wayam.

Malamai sun san babin ajiya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan wannan ƙasa, an kawo hukuncinta a babi ɗaya da jingina da aro da tsintuwa, kuma asalin maganar amana ce: wanda aka ba ajiya zai tsare ta, ya mayar da ita in an nema. Fataken da suka bi hanyar Gwanja sun rayu a kan wannan. Baƙo ya sauka gidan fatoma, ya damƙa masa kaya, fatoma ya sa a ɗaki ya kulle. To amma akwai mai ba da buhu a buɗe, makullin ɗaki yana aljihun fatoma, akwai kuma mai kawo adakarsa a kulle da kwaɗonsa, ya rataya makullin a wuyansa. Duk su biyun sun yi ajiya. Na farko ya dogara da halin fatoma, na biyu ya dogara da ƙarfin kwaɗo.

Kwaɗon intanet lissafi ne. Ana ɗaukar rubutu ko hoto a dagula shi ta wata ƙa'ida, har ya zama tarkacen lambobi marasa ma'ana, ba mai iya mayar da shi yadda yake sai wanda ke da makulli. Ilmin tsoho ne, kuma Musulmi suna da babban rabo a cikinsa: a ƙarni na 9, a Bagadaza, Al-Kindi ya rubuta yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Kullen zamani ya wuce wannan dabara nesa. Tsarin da ake kira AES, wanda Amurka ta amince da shi a 2001 kuma duniya ta ɗauka, yana da nau'in da adadin makullan da za a iya gwadawa lamba ce mai gurbi 78. Duk kwamfutocin duniya in suka taru suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ba za su gama ba. Saboda haka ɓarawo mai hankali ba ya fasa kwaɗo, makulli yake nema.

A nan ne kamfanoni suka rabu gida biyu. Google Drive da Dropbox da OneDrive na Microsoft, a tsarin da suke ba mutum na yau da kullum, suna kulle kaya a hanya, suna kuma kulle su a rumbu, amma makullin yana hannunsu. In sun ce kayanka a kulle suke, gaskiya suka faɗa, sai dai irin kullen fatoma ne. Wannan yana da amfaninsa: wanda ya manta kalmar sirri ana iya buɗe masa, ana kuma iya nemo masa takarda ta hanyar rubuta kalma ɗaya da ke cikinta. Yana kuma da haɗarinsa. A watan Yuni 2011 wani kuskure a manhajar Dropbox ya sa kusan awa huɗu kowace kalmar sirri tana buɗe kowane asusu. A 2016 aka gano cewa satar da aka yi wa kamfanin a 2012 ta shafi bayanan shiga na asusu miliyan 68. A Yuni 2013 Edward Snowden ya fallasa takardun da suka nuna yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke karɓar bayanai daga manyan kamfanonin intanet, a 2018 kuma Amurka ta yi dokar da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Google da kansa yana wallafa adadin buƙatun da gwamnatoci ke aiko masa tun 2010.

Wani labari da jaridar New York Times ta buga a Agusta 2022 ya fi duk waɗannan kusa da rayuwar iyali. Wani uba a San Francisco ya ɗauki hoton al'aurar ƙaramin ɗansa da ta kumbura don a tura wa likita. Hoton ya hau rumbun Google da kansa, na'urar da ke farautar hotunan cin zarafin yara ta kama shi, aka rufe asusun uban, aka kai rahotonsa. 'Yan sanda sun bincika sun wanke shi, amma kamfanin bai mayar masa da asusun ba a lokacin da aka buga labarin: wasiƙunsa da lambobin mutanensa da hotunan shekaru suka tafi. Farautar masu lalata yara aikin alheri ne, babu mai ja. Abin lura shi ne na'ura tana duba abin da aka ajiye, tana iya kuskure, kuma mai kayan ba shi da alƙalin da zai kai ƙara cikin sauƙi. A ƙasar da asibiti ke nesa, hanya ba ta da tsaro, iyaye kan tura wa ma'aikacin lafiya hoton ciwon yaro ta waya, wannan labari ya shafi kowa.

Gida na biyu su ne masu barin makulli a hannun mai kaya. Ana kulle takarda tun tana cikin waya, ta isa rumbu a dagule, kamfani ba ya iya karanta ta ko da kotu ta umarce shi. Mega, wanda aka buɗe a Niyu Zilan a 2013, yana aiki da wannan tsari, haka ma Proton Drive na ƙasar Suwizalan. Apple ya ƙara shi a matsayin zaɓi a Disamba 2022. Shaidar cewa kullen yana aiki ita ce yadda gwamnatoci ke jin haushinsa: a Fabrairu 2025 Apple ya janye wannan zaɓi daga Birtaniya, bayan gwamnatin ƙasar ta nemi a yi mata ƙofar shiga.

WhatsApp ya fi kowa muhimmanci a nan, tunda shi ne kasuwa da gidan waya da zauren karatu na yankin. Tun Afrilu 2016 saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya. Amma kwafin hirarraki da ake turawa rumbun Google don kada a rasa su in an sauya waya bai samu irin wannan kulle ba sai a Oktoba 2021, kuma mutum ne zai shiga saiti ya kunna shi, ya zaɓi kalmar sirri ko makulli mai gurbi 64. Da yawa sun ɗauka hirarsu a rufe take ta ko'ina, alhali ƙofar gaba ce kawai aka garƙame.

Shi ma wannan kulle yana da iyaka. Yana ɓoye abin da ke cikin adaka, ba ya ɓoye wanda ya kawo ta, da lokacin da ya kawo, da inda ya fito. A 2021 Proton ya miƙa adireshin intanet na wani ɗan gwagwarmayar muhalli a Faransa bisa umarnin hukumomin Suwizalan, duk da bai iya buɗe wasiƙunsa ba. Sannan akwai babban sharaɗi: wanda ya ɓatar da makullinsa ya ɓatar da kayansa har abada, babu ofishin da zai je ya yi kuka. Ga dattijon da ba ya karatun boko, wannan haɗari ne na gaske, kuma duk mai ba shi shawarar irin wannan rumbu ba tare da ya tanadar masa inda zai adana makulli ba ya cuce shi.

Duk da haka, a ra'ayin mai wannan lacca, barazanar da ta fi kusa da mutumin Unguwar Lalle ba daga Washington ko London take ba. A shagon caji take, da teburin mai gyaran waya, da hannun yaron da ya buɗe wa rabin unguwa Gmail. Inda babu wutar lantarki, waya takan kwana a shagon caji a hannun wanda ba mai ita ba, sau da yawa babu ko lambar kulle allo. In ta lalace, mai gyara yakan ce a cire kullen don ya gwada, a bar masa ita kwana biyu. Mai tura fina-finai da karatuttuka yana sa memori a kwamfutarsa, duk abin da ke ciki yana gabansa. Shi kuwa yaron da ya buɗe asusu, sau tari shi ya zaɓi kalmar sirrin, kuma lambar wayar mai asusun ce ko shekarar haihuwarsa, wani lokaci ma lambarsa ya sa a matsayin ta farfaɗo da asusu. Mafi yawan waɗannan matasa masu amana ne, suna hidimar da babu mai yin ta sai su. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wanda ya bar makulli a jikin ƙofa yana da nasa kason laifin.

Hatta a ƙasashen da suka ƙera waɗannan na'urori, ta nan ake shiga. A 2014 hotunan sirri na fitattun 'yan fim mata na Amurka suka bazu daga rumbun iCloud na Apple. Binciken da ya kai wasu gidan yari ya nuna wasiƙun ƙarya aka tura musu da sunan kamfani, suka rubuta kalmar sirrinsu da hannunsu. Irin wannan yaudara ce ake yi a nan in wani ya bugo ya ce daga banki yake ko daga ofishin tallafi, a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya. Waɗannan lambobi su ne makullin. Babu kamfanin kirki da ke neman a karanta masa su.

Mata ne suka fi ɗanɗana kuɗa in asiri ya tonu. Hoton da mace ta ɗauka a ɗakinta ba lulluɓi, ko saƙon murya tsakaninta da mijinta da ke ci-rani, in ya fita yana iya kashe aure, ya bar tabon da zai bi 'ya'yanta. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, kuma hanin ya hau kan mai gyaran waya kamar yadda ya hau kan mai leƙen katanga. Ya kamata limamai su riƙa faɗin haka a huɗuba da sunan waya ƙarara. Haka nan matafiyi a hanyar Sabon Birni zuwa Isa ko Goronyo ya tuna cewa wayar da ta faɗa hannun mugu tana ba da labarin mai ita: saƙon banki yana faɗin abin da ya mallaka, hotuna suna faɗin su wa ya sani. A nan rumbun intanet yana da fa'ida babba, domin ana iya tura muhimman abubuwa can, a tabbatar sun isa, sannan a sauke su daga wayar tafiya.

Sai maganar kuɗi. Kowane kamfani yana ba da ɗanɗano kyauta: Google giga 15, Apple giga 5, Microsoft giga 5, Dropbox giga 2, Mega giga 20. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kyautar hanya ce ta sa mutum ya saba, ya tara kaya, ranar da rumbu ya cika ya ga biyan ya fi masa sauƙi a kan kwashewa. A farashin Amurka, giga 100 na Google dala 1.99 ne a wata, giga 50 na Apple santi 99, Dropbox kuma yana karɓar dala 11.99 a wata kan giga 2,000. Ba'amurke ba ya jin waɗannan kuɗi a jikinsa. Amma a Mayu 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairu 2024 ta haura 1,500. A wannan canji, dala 11.99 ta kusa naira 18,000, wato kashi ɗaya cikin huɗu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yuli 2024, ga kuma manomin da ba shi da albashi ko kaɗan. Wasu kamfanonin suna yanka wa Najeriya farashi na naira mai rangwame, amma shi ma yana bin dala a baya, kuma akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan irin waɗannan hidimomi. Kuɗin haya ne, kowane wata sai an biya, babu ranar da rumbun zai zama na mai biya.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a allon farashi ba, wato data. Duk giga ɗaya da aka tura sai an saye ta, in za a sauko da ita a sake saye. A Janairu 2025 NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya bar wayarsa tana tura kowane bidiyo da kanta zai riƙa ganin datarsa tana ƙarewa bai san dalili ba.

To amma a yi lissafi. Hoton takarda ɗaya mai kyau bai cika wuce mega 2 ba. Giga ɗaya za ta ɗauki irinsa wajen 500. Takardun gida guda, daga na maigida har na autan yara, da wuya su kai 100. Ke nan duk abin da iyali ke tsoron rasawa bai cika kashi ɗaya cikin hamsin na kyautar Google ba. Abin da ke cinye rumbu bidiyon biki ne, da barkwanci, da wa'azin da aka turo a zaure biyar mutum ya ajiye duk biyar ɗin. Tun farkon 2024 kuma kwafin WhatsApp na wayoyin Android ya shiga cikin lissafin giga 15 ɗin, bayan shekarun da aka yi ba a ƙirga shi. In rumbu ya cika, har wasiƙar Gmail ba ta shiga, kuma ta nan ɗalibi ke jiran saƙon makaranta ko na neman aiki. Hukuncin mai lacca a nan a fili yake: mafi yawan mutanen wannan yanki ba su da buƙatar biyan ko kwabo. Tankaɗe da rairaya suke buƙata, su raba tsaba da dusa.

Zanen aro ba ya rufe katara, kuma tarihin wannan sana'a ya tabbatar. A Janairu 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload kan zargin satar fasaha, masu ajiyar halal suka rasa kayansu tare da masu laifi. A Nuwamba 2015 Microsoft ya sanar da rage kyautarsa daga giga 15 zuwa 5. Ranar 1 ga Yuni 2021 Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka. Daga Disamba 2023 kuma ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba ana iya share shi. Shekara biyu ba ta da yawa ga wanda ke gudun hijira ba waya a hannunsa.

Layin waya ma yana mutuwa. In ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani, kuma sabon mai layin ne zai riƙa samun lambobin buɗe asusu. Wanda aka sace wa waya sai ya yi welkam-bak, wannan kuwa yana buƙatar NIN ɗin da ya dace da sunan da ke kan layin, tun bayan umarnin haɗa layi da NIN na Disamba 2020. Matar da aka yi wa rajistar layi da sunan ƙanen mijinta tana iya rasa layin da asusun gaba ɗaya. Akwai rigakafi mai sauƙi da mutane kaɗan suka sani: Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai gurbi 8, waɗanda ake kwafewa a takarda a shiga da su in babu layi. Yana kuma da tsarin da mutum zai ambaci wanda za a ba kayansa in ya daɗe bai shiga ba, Apple ma ya kawo irinsa a 2021. Ɗan kasuwar da lissafin bashinsa ke cikin waya, wanda ake binsa da wanda yake bi, ya san ba a raba gado sai an biya bashi. Makullin asusunsa ya zama wani ɓangare na wasiyya.

Doka tana nan, ko da yake ta yi nisa da ƙauye. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba mutum haƙƙin sanin abin da aka tara a kansa da neman a goge shi. A Yuli 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Wannan ci gaba ne na a yaba. Sai dai haƙƙin da mai shi bai taɓa jin labarinsa da harshensa ba, ba zai neme shi ba, kuma aikin gidajen rediyon Sakkwato ne da hukumar kanta su kawo bayanin da Hausa.

Kiran farko ga matasa ne, masu karatun boko da masu shagon caji da gyaran waya, domin a hannunsu abin yake. Kowane ɗaya ya ware yini guda ya zauna da iyayensa, a fito da takardun adaka a ɗauki hotonsu da rana, a ga kowace lamba tana karantuwa. Kwafi ɗaya ya hau rumbun intanet, ɗaya ya shiga memori a aika wa ɗan'uwa amintacce a Sakkwato ko Maraɗi, ta asali ta koma adaka cikin leda. Mai asusu ne zai zaɓi kalmar sirrinsa da bakinsa, doguwa, wadda ba lambar waya ba ce, a rubuta masa ita da boko ko da ajami tare da lambobin ko-ta-kwana, ya adana inda yake adana abin da ya fi daraja a wurinsa. A sa wa kowace waya kullen allo, a kunna kullen kwafin WhatsApp, a riƙa leƙa asusun ko da sau ɗaya ne tsakanin sallah da sallah. Wanda ya taimaka ya buɗe, ya cire lambarsa, ya manta abin da ya gani.

Kira na biyu ga hukuma ne. In har tsaro ya sake tilasta rufe layuka, a tuna cewa takardun talakawa da kuɗinsu da karatun 'ya'yansu yanzu ta wannan hanya suke bi, a faɗa wa jama'a wa'adi, a kuma cika shi. Shugabannin makarantun Sabon Birni da Isa su ɗauki hoton rajistar ɗalibansu da sakamakonsu tun kafin damina mai zuwa, su ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Allah ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya.